Yadda Ake Yawon Buɗe Ido a Bas Cikin Ayari: Daga Marakesh Zuwa Fas Ta Tsaunukan Atlas da Sahara

A hotunan talla, raƙumi ake nuna maka a kan tudun rairayi rana na faɗuwa, sai ƙofar tsohon birni da aka ƙawata da tayil. Ba mai nuna maka kujerar da za ka zauna a kai. Daga Marakesh zuwa Marzuga a bakin Sahara wajen kilomita 560 ne, daga can zuwa Fas kuma wajen 470. Fiye da kilomita 1,000 ke nan, kaso mai yawa a kan hanya mai lanƙwasa, tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Na bi wannan hanya ta ƙasar Maroko sau da dama, da fari ina fasinja, daga baya ni ke tsayawa a bakin ƙofar mota ina ƙirga kawuna. Waɗanda na ga sun ji daɗin tafiyar su ne waɗanda suka shirya wa abu uku tun daga gida: zaman mota, ƙaramar jaka, da agogo.

Kayan da za ka tanada

Takardu tukuna. Fasfo mai sauran aƙalla wata 6, biza idan 'yan ƙasarku na buƙata (ofishin jakadancin Maroko za ka tambaya, ban da ji-ta-ji-ta), inshorar tafiya wadda ta ƙunshi jinya, da takardar tsarin tafiya daga kamfani. Ka yi fotokwafin fasfo ka sa a akwati, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

Jaka biyu za ka yi. Ta farko akwati ne matsakaici, wanda kai da kanka za ka iya ɗagawa ka hau bene da shi. Shi za a tura ƙarƙashin mota da safe, ba za ka sake ganinsa ba sai dare, wata ranar ma sai gobe. Ta biyu jakar goyo ce wadda za ta zauna a gaban ƙafarka. A cikinta ake sa fasfo da kuɗi, magungunan da kake sha kullum tare da takardar likita, maganin tashin zuciya da na gudawa, gorar ruwa, tabarau na rana, man leɓe, tishu, 'yan ledoji biyu ko uku, caja da batirin cajin waya, ƙaramar tocila, rigar sanyi mai kauri, da ɗan guzuri busasshe kamar dabino. Soket ɗin Maroko mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, wutar kuma 220 ce, sai ka duba kan cajarka tun a gida.

A akwati, tufafin da za a iya ɗora wani kan wani. A rana guda za ka fito cikin sanyi, ka yi gumi da azahar, ka koma rawar ɗari da magariba. Riga biyu marasa nauyi da rigar sanyi a kai sun fi babbar kwat ɗaya amfani. Ka haɗa da safa mai kauri, wando mai faɗi na hawan raƙumi, silifa, da rawani ko mayafi mai tsawo na rufe hanci da kunne.

In wani abu ya gagara, akwai dabara. Ba lallai sai takalmin hawan dutse ba, kambas ɗin da ƙafarka ta saba da shi ya wadatar. Sabon takalmi ne dai ban yarda da shi ba, don a rana ta biyu zai yi maka kanta da bororo. Wanda bai zo da rawani ba zai samu a shagunan hanya kafin Marzuga. Wanda ba shi da batirin caji ya kashe data ya rage hasken waya tun da safe, ya kuma cika ta a duk otal ɗin da aka sauka. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ka bar shi gida, jami'an kwastan na Maroko karɓewa suke yi a filin jirgi.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci, ka karanta tsarin tafiya da taswira a gefe

Maris zuwa Mayu, da ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokacin wannan tafiya. A Yuli da Agusta zafin Marzuga na haura digiri 40, rairayi ba ya takuwa da rana. A Disamba da Janairu dare a hamada kan yi kusa da sifili, dusar ƙanƙara kuma kan toshe hanyar tsauni a tsaya jiran masu sharewa. In tafiyar ta faɗo a Ramadan, gidajen abinci da yawa na rufe da rana, sannan ƙasar kan mayar da agogo baya da awa ɗaya a watan. Ka tabbata wayarka ta bi.

Sai ka ɗauki takardar tsarin tafiya ka bi ta rana-rana, kana duba tazarar kowane zango a taswira. Ana sayar da wannan hanya a kwana 3, kuma ana yin ta, amma mutum kan sauka a Fas bai san inda ƙugunsa yake ba. In akwai dattijo ko ƙaramin yaro tare da kai, kar ku karɓi ƙasa da kwana 5. Alamar tsari mai kyau ita ce a kwana biyu a wuri guda aƙalla sau ɗaya, musamman a Fas ko Marakesh.

Ka lura da kalmomi. "Za mu ziyarci" wuri, sauka za a yi. "Za mu bi ta" wuri, ta taga za ka gan shi. Ka kuma ƙirga ranakun: in yinin ku na Fas ya faɗo Juma'a, shaguna da yawa na tsohon birni a kulle za ka same su. Sunayen garuruwa a takarda rubutun Faransanci ne, don haka garin da ake kira Warzazat za ka ga an rubuta Ouarzazate, Marzuga kuma Merzouga.

Mataki na 2: Tambayoyi kafin ka ba da kafin alƙalami

Mutum nawa ne a ayarin, kuma wace irin mota ce? Babbar bas mai ɗaukar mutum arba'in da wani abu ta fi daɗin zama, amma duk tsayawar bayan gida sai ta ci rabin awa. Ƙarama mai kujera goma sha bakwai ta fi sauri, sai dai gwiwa na shan wuya. Da wane harshe jagora zai yi bayani? Shi kaɗai ne tun daga farko har ƙarshe, ko kowane birni da nasa? Wane abinci ne a cikin kuɗin? Yawanci karin kumallo da na dare suna ciki, na rana kai za ka biya. Kuɗin shiga wuraren tarihi fa, da na raƙumi? Tantin hamada yana da banɗaki a ciki ko na haɗaka ne? In kai kaɗai ne, za a haɗa ka ɗaki da wani ko za ka biya ƙarin kuɗin ɗaki? In ka fasa, nawa za a mayar maka?

Duk amsar da aka ba ka, ka nemi a rubuto ta. Alkawarin baki ba ya tsallake Atlas.

Mataki na 3: Daren farko

Ka iso kwana ɗaya kafin ranar tashi in da hali, saboda jirgi na iya makara, bas kuwa ba za ta jira ka ba. A wannan dare ka gama abu uku. Ka canji kuɗi zuwa dirhami, don ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba, ka kuma matsa a ba ka ƙananan takardu na 20 da 50 da tsabobi. Takardar 200 ba ta da amfani a bakin banɗakin hanya, inda mai gadi ke jiran tsaba ɗaya ko biyu. Ka sayi layin waya na ƙasar, ko Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, da fasfo ake yin rajista. Sannan ka karɓi lambar jagora da ta direba, ka sa a waya, ka kuma rubuta a takarda ka cusa a aljihu. Lambar 'yan sanda a cikin gari 19 ce, ta jandarma a kan hanyoyin karkara 177, ta motar asibiti 15.

In ka fita Dandalin Jami'ul Fana na Marakesh da daddare, kuma ya kamata ka fita, ka sani duk wanda ka ɗauka hoto, mai wasa da maciji ne ko mai biri, kuɗi zai nema. Ku yi ciniki kafin ka ɗaga waya. In ka rikice, nemi hasumiyar Masallacin Kutubiyya, mita 77 ce, tun ƙarni na 12 take tsaye, ana hango ta daga nesa.

Mataki na 4: Zaman mota

In jagora ya ce ƙarfe 7:30, yana nufin taya na juyawa a 7:30. Akwati ya sauko minti ashirin kafin nan, ka tsaya ka ga an sa shi da idonka. A kowace tsayawa ka maimaita lokacin dawowa da ƙarfi don a gyara maka in ka ji ba daidai ba, ka sa ƙararrawar waya minti biyar kafin lokacin. Ka ɗauki hoton lambar motarku. A wuraren tsayawa za ka tarar da fararen motoci guda shida a jere, kamar an haife su rana ɗaya.

Mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, ko wadda ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kujerar ƙarshe ita ce ta fi jijjiga. Ayari mai tsari kan juya wurin zama kullum don kowa ya ɗanɗana gaba. In ba a yi maganar ba, ka tayar da ita a ranar farko cikin raha, kafin wasu su mayar da kujera gadon gidansu. Ka ɗaura bel. Duk tsayawa ka sauka ko ba ka jin fitsari, ka taka ƙafa. A zaune ma ka riƙa juya idon sawu, musamman in kana da kumburin ƙafa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙi shan ruwa don tsoron neman banɗaki. Iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka ji shi, ga na'urar sanyaya mota na ƙara busar da kai. Zuwa la'asar sai ciwon kai. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ruwan gora wanda aka rufe, direba dai zai tsaya kusan duk awa biyu. Maganar salla kuma ka yi ta da jagora tun da safe, ya gaya maka inda za a tsaya da azahar. Gidajen mai da na abinci da yawa na da ɗan wurin salla, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru.

Mataki na 5: Hawan Atlas

Tsakanin Marakesh da Warzazat bai kai kilomita 200 ba, amma a bas sai ya ci awa huɗu ko fiye, saboda hanyar sai ta hau mashigar Tizi n'Tishka, sama da mita 2,200. An faɗaɗa titin a 'yan shekarun nan, kwanonin dai suna nan. Ka ci abinci maras maiƙo da safe. In kana shan maganin tashin zuciya, ka sha shi rabin awa zuwa awa ɗaya kafin tashi. In ka bari sai cikinka ya fara juyawa, ya makara. Ba magani? Tsotsi citta ko alewa mai na'ana'a, ka kafa ido can nesa ta gilashin gaba, ka ajiye waya. Kunne zai toshe yayin hawa da gangara, haɗiyar yawu ko hamma na buɗe shi. Leda ta kasance a hannu, babu kunya a ciki.

A ƙoli ana tsayawa ɗaukar hoto. Sa rigar sanyi kafin ka sauka, iskar wurin yanka take yi ko a watan Mayu. Masu sayar da duwatsu masu ƙyalli za su taso maka. Waɗanda launinsu ya cika ja ko shuɗi, sau da yawa rini ne.

Mataki na 6: Garuruwan ƙasa, kwazazzabai, da shagunan da ba ka nema ba

Bayan gangara za a tsaya Ait Bin Haddu, gari ne da aka gina da jar ƙasa a jikin tudu, tsohon zangon fatake tsakanin Sahara da Marakesh. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Yawancin mutanensa sun koma sabon gari a tsallaken kogi. Akan ba da awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Shawarata, ka haye gada ka miƙe sama kai tsaye zuwa tsohon rumbun da ke ƙoli, ka kalli garin da kwarin daga can, sannan ka sauko a hankali kana leƙa lunguna. Masu fara tsayawa shagunan ƙasa ba sa kaiwa sama.

Daga Warzazat hanya kan bi kwarin Dades zuwa Tingir, inda ake shiga kwazazzabon Todra. A wurin da ya fi matsewa, faɗinsa bai fi mita goma ba, bangayen dutse sun tashi sama har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, ruwa mai sanyi na gudu a ƙasa. Rana ba ta daɗewa a ciki. In jagora ya ce an yi ruwan sama a kan tsauni yau ba za a shiga ba, kar ka yi masa gardama don ka ga sama garau. Ambaliyar irin wuraren nan daga nesa take tasowa.

Yanzu maganar da kamfanoni ba sa rubutawa. Za a tsaya da ku wurin matan da ke matsar man argan, da gidan darduma, da masana'antar duwatsu masu burbushin halittun da a Erfud. Wasu wuraren suna da ban sha'awa ƙwarai, amma ka sani galibi akwai la'ada a kan abin da kuka saya, farashin kuma ya fi na kasuwa. Haka ma gidan abincin rana da aka kai ku. Ba dole ka saya ba. Ka sha shayin da aka ba ka, ka yi godiya, ka fito. Abin da bai kamata ba shi ne ka sa a warware maka darduma goma, ka taya, a sallama, sannan ka ce wasa kake. In abincin rana ya yi maka tsada, tambayi direba a ina shi yake ci.

Mataki na 7: Daren hamada

Kafin Marzuga akwai Risani. Mutane kan wuce shi suna gyangyaɗi, alhali a gefensa kangon Sijilmasa yake, birnin da a zamanin da ayarin zinariya da gishiri ke tashi daga cikinsa su tsallaka Sahara. Daga nan Ibn Batuta ya kama hanyar Mali a 1352. Guntayen bangon ƙasa ne suka rage, amma ka roƙi jagora ya nuna maka ko ta taga.

Bas ba ta hawa rairayi. A bakin tuddan Erg Shebbi za ta tsaya, akwatinka ya kwana a cikinta ko a wani masauki, kai kuma ka shiga da jakar goyo kaɗai. Nan ne na yi wautata ta farko. Da azahar ana zafi na cusa rigar sanyi a akwati, na hau raƙumi da 'yar riga. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko kamar an buɗe firiji. Na kwana da bargo biyu da safar wani bawan Allah, haƙora na kaɗawa. Tun daga ranar, a wurin abincin rana nake zazzage jaka in sake shirya ta: rigar sanyi, safa, magani, tocila, buroshi, ruwa lita biyu, batirin caji. Waya da kyamara kuma cikin leda mai zif, don rairayin can laushinsa kamar gari, ba inda ba ya shiga.

Wajen hawa, raƙumi na durƙushe. Ka ɗora ƙafa, ka kama ƙarfen gaban sirdi da hannu biyu, ka jingina baya sosai, domin da ƙafafun baya yake fara tashi, sai ya wurgo ka gaba, sannan ya miƙe na gaba ya mayar da kai baya. Haka ma wajen sauka, a nan aka fi faɗuwa, don mutum ya saki jiki yana ganin an iso. Kar ka ɗaga waya sai ya daidaita a tsaye. In ana gangara tudu ka sake jingina baya. Mai jan akala ya san dabbobinsa, abin da ya ce shi za ka yi. Tafiyar kan ɗauki kamar awa ɗaya, cinya za ta gaya maka washegari.

Mai ciwon baya, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su ce a kai su a motar jif mai shiga rairayi. Kusan kowane sansani na da ita, sai dai a faɗa tun da rana. Wanda kwanan tanti bai yi masa ba yana iya kwana a otal a bakin rairayi, ya taka da ƙafa ya ga fitowar rana.

A sansani, ka gane tantinka da hanyar banɗaki tun da sauran haske. Tuddan nan wasu sun kai mita 150, kuma da dare duk kamarsu ɗaya. In za ka hau kallon taurari, ku tafi ku biyu, kar ku wuce inda kuke hango wutar sansani. Hawa ta kan tsinin bayan tudu ya fi sauƙi a kan fuskantar gangaren kai tsaye, kuma ba takalmi ya fi. Da safe ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama. Ka sa ƙararrawa rabin awa kafin fitowar rana. Za ka ji kamar kar ka fito daga bargo. Ka fito.

Mataki na 8: Doguwar rana

Marzuga zuwa Fas awa bakwai ne zuwa takwas ban da tsayawa. Za a bi kwarin Ziz mai dabino, a ci abinci wajen Midelt, a ratsa dajin itatuwan al'ul kusa da Azru inda birai ke zaune a bakin titi, sannan Ifran, garin da Faransawa suka gina a 1929 da rufin gidaje masu tsini saboda ƙanƙara. Kar ka buɗe jaka a gaban biran nan. Ban da wannan, rana ce ta barci da haƙuri da maƙwabcin kujera.

Mataki na 9: Cikin tsohon birni

Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. In masaukinku a ciki yake, a bakin ganuwa za a sauke ku, masu kura su tura akwatuna; ka bi naka da ido, ka tanadi tsabar sallamarsu. Da ka isa, ka ɗauki katin masaukin mai adireshi da Larabci, ka tambayi sunan ƙofar ganuwa mafi kusa. Taswirar waya kan rikice a lungunan nan, sunan ƙofa kuwa kowane yaro ya sani.

Lungunan dubbai ne, wasu kafaɗunka biyu na gogar bango. In ka ji an yi ihu "balak!", manne da bango kafin ka waiga, alfadari ne ɗauke da kaya. Ayari kan tafi a layi, jagora a gaba, kuma a kwana ake ɓata: ka tsaya duba fitila na daƙiƙa ashirin, ka ɗago, babu kowa. Wani dattijo a ayarinmu ya taɓa yin haka, sai ya shiga neman mu da sauri, kowane lungu na kai shi wani. Awa biyu muka yi. Da ya tsaya inda ya rabu da mu, minti biyar ta isa, domin jagora da sawunsa yake komawa. In ka ɓata, tsaya cak a bakin wani shago ka kira lambar da ke aljihunka. In waya ta mutu, tambayi mai shago da ke zaune a kan sana'arsa, ban da saurayin da ya taso da kansa yana cewa hanyar can a rufe take. Jagoran gaskiya yana da katin shaida na hukumar yawon buɗe ido. Dabara ta ƙarshe: manyan hanyoyi biyu na birnin, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, daga ƙofar Bab Bu Julud suke gangarowa. In ka faɗa ɗayansu ka bi hawa, za ka fita ƙofar.

Za a kai ku majemar Shuwara, a hau da ku bene ta cikin shagon fata, a miƙo maka reshen na'ana'a. Karɓi ka kanga a hanci, za ka gane dalili. Za a kuma bi da ku ta ƙofar Masallacin Ƙairawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta assasa a 859. A Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga yawancin masallatai, shi ya sa ayarin da ya haɗa mutane iri-iri a bakin ƙofa yake tsayawa a leƙa a wuce. In kana son ka yi salla a ciki, ko ka ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 kuma kabarinsa ke cikin wannan tsohon birni, ka gaya wa jagora tun daren jiya. Tsarin ayari bai cika sa ta ba. Zai nuna maka inda za ka rabu da su da inda za ku haɗu, ko ka bari sai lokacin hutu na yamma ka je a natse. Ni na fi son na biyun, ziyara da ido a kan agogo ba ta da daɗi.

Sayayya ma a lokacin hutun nan ta fi. Ka zaga shago uku ka ji farashi kafin ka taya, ka kuma tuna duk abin da ka saya kai za ka ɗauke shi zuwa bakin ganuwa, sannan a auna shi a filin jirgi.

Mataki na 10: Ranar rabuwa

Tukuicin jagora da direba ba ya cikin kuɗin tafiya sai in an rubuta. Abin da ya fi sauƙi, mutum ɗaya ya zaga da ambulan biyu a daren ƙarshe, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, a miƙa a gaban kowa. Kar a manta da direba don bai yi magana a lasifika ba, shi ya sauko da ku daga Tishka lafiya. In akwai ƙorafi, ɗakin da bai yi daidai da alkawari ba ko wurin da aka tsallake, ka faɗa wa jagora a ranar da abin ya faru, ka ɗauki hoto, sannan ka rubuta wa kamfani da kwanan wata.

Kafin ka sauka daga motar a karo na ƙarshe, duba aljihun kujera da saman kai da ƙarƙashi, a nan caja da tabarau ke kwana. Man argan da duk wani abu mai ruwa su shiga akwati, a naɗe da leda a tsakiyar tufafi. Ragowar dirhami ka canja shi a filin jirgi kafin ka wuce wurin buga fasfo, ka riƙe rasit ɗin canjin da ka yi ranar farko don akan nema. Takalmin da ka shiga hamada da shi kuma ka sa shi a leda daban, har yanzu akwai rairayi a ciki.